Wanda Ya Ɗaure wa Baba Makulli Kai

Da rana tsaka aka kira Sufeto a waya, aka ce an tsinci gawa a ƙofar siton magani na babban asibiti. Ya bar abincinsa a kan tebur, ya ɗauki Saje suka tafi.

Duk garin an san labarin wannan sito. Tun da faɗa ya ɓarke a bakin iyaka ake kwaso masu rauni zuwa nan, gwamnatin tsakiya kuma ta aiko da mota guda ta magani. Sai gwamnan lardi ya ce ba zai ƙara tura haraji sama ba, tunda shi aka bari da ɗawainiyar yaƙin. Tsakiya ta fusata ta garƙama wa siton kwaɗo. Lardi ma, don kada a kwashe kayan a mayar, ya ƙara nasa a kai. Manya na can suna cacar baki a rediyo, a ɗakin tiyata kuwa ana yanka mutum ido biyu, ƙarti na danne shi. Abin takaici dai ba ya wuce wannan.

Gawar ta mai kula da siton ce, ma'aikacin tsakiya, dattijon da kowa ke kira Baba Makulli. Kwaɗunan biyu a buɗe suke, ba alamar an fasa. Kwalaye na nan jibge har rufi, na allurar barci kawai aka ɗiba.

"Ranka ya daɗe, wannan wane irin ɓarawo ne?" in ji Saje. "Ya fasa wa mutum kai, kuma ya tsaya ya yi masa magani?"

Sufeto ya tsugunna. An wanke raunin tas, an naɗe kan da bandeji, an ninke zani an tallafe ƙeyar. Ƙullin yana bayan kunnen hagu, an cusa bakinsa ciki yadda ba zai dami mai kwanciya ba. Sufeto ya san wannan ƙullin. Yana yaro ba a mako bai fasa kai a wurin rashin ji ba, kuma hannu ɗaya ne ke ɗaure masa shi haka: hannun yayarsa, bahaguwa, wadda yau ita ce babbar nas a asibitin nan.

Kafin ya miƙe, wakilin gwamnatin tsakiya ya iso yana kumfar baki, wai 'yan dabar gwamna ne suka kashe musu ma'aikaci. Kwamishinan lafiya na lardi ya biyo baya, shi kuma wai tsakiya ce ta kashe mutuminta don ta sami hujjar turo soja. Ba wanda ya ko kalli fuskar mamacin. Shugaban Sufeto ya bugo ya ce an riga an tsare maigadin asibitin, in ba a sami wani ba kafin a tashi aiki, shi za a miƙa kotu. Maigadin nan kuwa tsoho ne da ko kaza ba ya iya kamawa.

Sufeto ya fara da sakataren asibiti, mai riƙe da makullin lardi.

"Ina makullinka?"

"Ga shi a aljihuna. Ko wanka zan shiga da shi nake shiga."

"To da me aka buɗe kwaɗonka?"

Sakatare ya hau rantse-rantse, gumi na keto masa. Da Sufeto ya ce to shi ke nan, shi ne mai laifin, sai ya sauko. Ya ce ya dai ajiye makullin a kan tebur ya juya baya da gangan, don ya gaji da jin ihun mutane. Wanda ya ɗauka ya dawo da shi kuwa, wai bai gani ba.

Likitan tiyata ma ya yi tasa ƙaryar. Ya ce su har yanzu haka suke aiki, ba allura ba komai. Sufeto ya tsaya a barandar ɗakin tiyatar ya kasa kunne. Ya sha zuwa ɗaukar bayanin masu rauni, kullum sai ya toshe kunne kafin ya wuce nan, yau kuwa tsit. Wata mata da ke zaune a kan benci ta ce masa an cire wa ɗanta harsashi ɗazu yana barci, bai ko motsa ba. Sai sa wa babbar nas albarka take yi, ba ta san da wa take magana ba.

Ya sami yayar tasa a ɗakin wanke kayan aiki, tana goge almakashi. Ba ta juyo ba.

"Auta, ka ci abinci kuwa?"

"Yaya, na ga ɗaurin."

Ta ajiye almakashin. Ta ce ta san zai gane, kuma gara shi da wani. Ba ta ɓoye komai ba. Da safe aka kawo mota cike da yaran da aka harba, ta ɗauki makullin sakatare ta je ta durƙusa wa Baba Makulli. Ya ce ta yi masa rai, ya kusa ajiye aiki, in ya buɗe korarsa za a yi a wulaƙance. Ta kama igiyar makullin da ke wuyansa ta ja, shi ma ya ja, igiyar ta tsinke, ya tafi da baya ya bugu da bakin matakala.

"Da ransa na bar shi," in ji ta. "Na ɗaure masa kai yana magana. Shi da bakinsa ya ce tunda an buɗe in ɗiba da sauri. Na ce yanzu zan dawo da likita. Ina shiga na tarar da yaro jini na zuba, daga shi sai wani, daga wani sai wani. Wallahi Auta, mantawa na yi da shi. Ni da na san abin da buguwar ƙeya ke yi, na manta da shi."

Shekara da shekaru tana gaishe da dattijon nan kowace safiya, jikokinsa ma a hannunta aka haife su.

Sufeto ya ji kamar ya cire kakin ya jefar. Ya fara cewa ai za a iya rubuta santsi ne ya kwashe shi, ba wanda ya gani. Ta tambaye shi to maigadin fa, su waɗancan manyan za su yarda a ce ba mai laifi? Shi ma ya san ba za su yarda ba.

Ta kira wata ƙaramar nas ta nuna mata majinyacin da za a juya da wanda za a canja wa ruwa, ta wanke hannu, ta miƙo su. Saje ya zaro ankwa, ya dubi maigidansa, ya mayar da ita aljihu. Suka bi ta barandar, marasa lafiya na ɗaga mata hannu suna tsammanin gida za ta.

A mota ta zauna a baya, Sufeto ya kama sitiyari. Sai da suka fita ƙofar asibitin ta yi magana.

"Inna ba ta cin abinci sai an zauna kusa da ita, yanzu kai za ka riƙa zama. In ta tambaya, ka ce wani ɗan sanda ne ya zo ya tafi da ni. Kada ka ce mata kai ne."

Sufeto ya gangara gefen titi ya tsaya. Ya ce wa Saje ya zo ya karɓi tuƙin, shi ba ya ganin hanya.