Mai Ƙwanƙwasa Ƙafar Gado

Ginin da ake gyaran jiragen ƙasa a da ya zama sito, ya zama makaranta, yanzu asibiti ne. Nan aka kwantar da 'yata, numfashinta sama-sama.

Bayan isha'i na ji warin baƙin mai. Wani tsoho ya shigo da doguwar guduma, yana ƙwanƙwasa ƙafar kowane gado yana saurare, yadda ake gwada ƙafar jirgi ko ta tsage. Kowanne ya yi ƙara. Da ya buga namu, shiru.

"Baba, don Allah sake bugawa," na ce. "Ita kaɗai gare ni!"

"Baiwar Allah, wannan ba za ta kai tasha ba."

Ya ciro alli zai sa wa gadon alama. Na cafke hannunsa, sai na ji sanyin ƙarfe, tsatsa na zuba a tafina.