Ramin da Illo Ya Bar wa Hure

A bakin wani tafki kusa da Matankari Hure ta fara ganinsa, da kaka, shekara biyu bayan samun ƴancin kai. Ta kawo tumakinta shan ruwa, sai ga wani saurayi cikin ruwa har ƙugu, yana janyo kainuwa da ganyen bado yana tarawa a tudu.

"Bawan Allah, mi za ka yi da wannan ciyawar banza?"

Ya ce sunansa Illo, sabon malamin dabbobi ne daga Dogon Dutsi. Zai bar ta ta sha iska, ya cuɗa da dusa da ɗan gishiri, ya danne a rami ya shafe da laka, don ƴan raguna su samu na ci idan rani ya tsananta. Rabin bayanin ya wuce ta, bakin mai maganar take kallo.

Tun daga ranar tumakin Hure suka yawaita jin ƙishirwa.

Da magabatan Illo suka zo neman aurenta, mahaifinta Modibbo Bello, makiyayi tun kakanni, ya sallame su da mutunci. Ya ce ba zai ba da ɗiyarsa ga mai binne ciyawa kamar gawa ba, balle mutanen gari na cewa tafkin akwai aljana doguwa. Hankalinsa ya fi kwanciya da Ɗanjuma, wani dillalin shanu.

Sai Illo ya ɓace. Wata biyu shiru, Ɗanjuma kuma yana baza labarin wai ya yi aure a Dosso. Rani ya cinye makiyaya ƙurmus, nonon tumaki ya ƙafe, biyu cikin ƴan ragunanta tara suka mutu. Ita ma Hure ta rame tare da su.

Ranar kasuwa wata mai sayar da kanwa ta miƙa mata takarda da ajami:

"Hurena, sanyin idona. An tura ni Tibiri aikin rigakafi ba shiri. Ban yi aure ba, ban kuma manta ba. Ramin da ke gindin gawo naki ne. Ki buɗe gefe guda, ki fara ba su kaɗan-kaɗan. Naki, Illo."

Sau uku ta karanta, sannan ta ɗauki hauya. Tana fasa lakar wani ƙamshi mai tsami-tsami ya taso, ciyawar na nan da danshinta. Ranar farko ragunan suka sunsuna suka kau da kai. Washegari mafi rauninsu ya sa baki, sauran suka rufa masa baya. Hure ta zauna a ƙasa tana kuka tana hamdala.

Bayan mako biyu ta hango Modibbo yana shafa bayan wani ɗan rago, yana taɓa haƙarƙarinsa. Cikin ragunan ba wanda ya ƙara mutuwa.

Da Illo ya dawo, tsohon da kansa ya aika a kira shi.

"Malam, ni ne ban gane ba. Ka turo manyanka."

A ƙofar gida Hure ta tare shi, ta ce ai har ta yarda ya yi aure.

"Da wa, Hurena? Shanu kaɗai na gani a Tibiri."

Farkon damina aka ɗaura auren. Modibbo ya dafa kan ɗiyarsa ya ce: "Allah shi ba ku zaman lafiya, shi albarkaci gidanku da garkenku." Taron ya amsa da amin, mata suka rangaɗa guɗa, aka ɗora amarya a kan raƙumi.