Fim Ɗin da Malam Abdulgani Ya Ƙi Kallo

Ranar wata Laraba da la'asar, ƙungiyar masu son fim ta jami'ar da ke Kalgo ta nuna wani fim ɗin Turawa, tarihin wata tauraruwa ta zamanin da fim bai fara magana ba. Da aka gama, shugaban ƙungiyar, Shamsuddeen, ya miƙe. Shi kuwa irin mutanen nan ne da in suka fara magana sai an ƙwace makirufo. Ya yabi kiɗa, ya yabi sutura, ya yabi yadda aka nuna ƙuruciyar matar a gidan wanki, ya rufe da cewa bai ga aibi ko ɗaya ba.

Wata ɗaliba a layin baya ta ɗaga hannu.

"Ni na gani," in ji ta. "Matar ga da ido take sa mutane kuka, amma sai anka zaunar da ita ta tsufa tana yi muna bayani awa biyu. Aure-aurenta sun cinye rabin fim, aikinta minti biyar."

"Ai sai da bayani ake ganewa," in ji Shamsuddeen.

"Kai ne sai da bayani."

Ɗakin ya ɗauki dariya. Shamsuddeen kuwa kallonta kawai yake yi. Kafin magariba ya gano sunanta Mufida, 'yar Gwandu, ya kuma samo lambarta.

Ya rubuta mata: "Salamu alaikum Mai Suka. Don Allah ko wuri ɗaya bai burge ki ba?"

Ta amsa: "Wa alaikumus salam Rediyo. Wuri ɗaya ne. Inda aka miƙa mata takardar sallama bayan fim ya fara magana, ta ninke ta, ta gyara wa wanda ya kawo ta wuyan riga, ta fita. Ba wanda ya ce uffan. Nan na yi kuka."

Daga gardamar fim aka koma tambayar ko an ci abinci. Wata rana suna zaune ƙarƙashin dogonyaro ta gaya masa abin da ya sa fim ɗin ya ɓata mata rai. Mahaifinta, Malam Abdulgani, tela ne a Gwandu, kuma kurma ne tun haihuwa. Tsofaffin finafinan nan marasa magana su kaɗai suke kallo tare a waya ba tare da ta yi masa tafinta ba. Ta kai masa wannan da murna, ya kalli leɓuna suna motsi na minti goma, ya miƙo mata wayar ya koma kan kekensa.

"Sun yi fim a kan wadda Baba ke ganewa, sunka hana Baba ganewa," in ji ta.

"Sanyin idona, na janye rabin yabona."

"Rabi kawai?"

"Sauran rabin ai shi ya haɗa ni da ke."

Da suka gama karatu, Shamsuddeen ya je gaisuwa Gwandu. Ya durƙusa ya zuba gaisuwa mai tsawo, amma duk idonsa na kan Baffa Jibrin, ƙanen mahaifinta, mai amsawa. Da manyansa suka zo neman aure, su ma haka suka yi. Ba da raini ba ne, ai a al'ada baffa ake tambaya. Sai dai Malam Abdulgani na zaune a tabarma ɗaya da su, har suka tashi ba wanda ya dube shi.

Suna fita ya ture goron da suka kawo da ƙafa. Ya nuna wa Mufida da hannu: an yi zancen ɗiyata a gabana kamar ni turmi ne. Ban bayar ba.

Shamsuddeen ya ji zafin abin da ya yi. Ya kwashe sati uku yana koyon maganar kurame a waya, ya zo shagon ɗinkin da ke ƙofar gidan su Mufida yana ta juya yatsu da sauri. Malam Abdulgani ya dube shi cikin tausayi, ya ɗebo ruwa a randa ya miƙa masa, ya ɗauka ciwo ne ya kama yaron. Shi tsohon bai taɓa zuwa makarantar kurame ba. Baffa Jibrin ne ya ja Shamsuddeen gefe.

"Yaro, wagga ta waya ba tashi ba ce. Maganarshi shi da yayarmu Hajara sunka ƙirƙire ta tun suna ƙanana. Tana aure Masama."

Daga nan Shamsuddeen ya rage kira, ya daina zuwa wurinta ranar Asabar yadda ya saba. Ba a daɗe ba labari ya iske Mufida cewa ana ganin babur ɗinsa a ƙofar gidan Goggo Hajara, gidan da Rumaisa take, 'yar Goggon, budurwa son kowa. Da Mufida ta yi tunani kaɗan da ta gane, amma kishi ba ya barin mutum ya yi tunani.

Ta rubuta: "In ɗiyar kurma ta yi maka nauyi, ka faɗa mini da bakinka. Ai baki ba ka rasa shi ba."

Ya amsa: "Rabin raina, bakin ne ya ja mini. Ki ba ni Asabar biyu, kada ki yanke mini hukunci."

Ta yi kuka ranar, ta kuma ƙi amsawa.

Asabar ta biyu da hantsi tana shara ta hango shi ya nufi shagon. Ta laɓe bayan ƙyaure. Ya durƙusa gaban Malam Abdulgani, ya dubi idonsa, ya taɓa haɓa sau biyu, wato Baba. Ya dafa ƙirji, ya sunkuyar da kai: na yi laifi.

Keken ɗinki ya tsaya. Tsohon ya daɗe yana kallonsa, sannan ya zana akwati a iska, ya nuna cikin gida, ya haɗa yatsu biyu suna karo: fim ɗin nan da kuka yi faɗa a kansa, me ya faru da matar?

Shamsuddeen ya shiga ba da labari da hannu, yana kuskure, gumi na zuba. Ya nuna wanki, ya nuna taron jama'a suna tafi, ya nuna takarda. A ƙarshe ya shafa tafin hannu ɗaya a kan ɗaya: ta ƙare.

Malam Abdulgani ya girgiza kai da ƙarfi. Ya kama hannunsa ya gyara masa. Ya nuna ido, ya kawar da fuska gefe: ba ta ƙare ba, daina kallonta suka yi.

Shamsuddeen ya gane ba zancen Baturiyar fim ɗin kaɗai ake yi ba. Hawaye suka zubo masa, na Mufida kuwa sun riga nasa. Tsohon ya ciro tef ɗin awo daga wuyansa, ya sa shi ya miƙe, ya fara gwada faɗin kafaɗarsa.

Da yamma saƙonta ya shigo: "Ka yafe mini, Rediyona. Baba ya ce babbar rigar ango shi zai ɗinka."

An ɗaura aure wata Asabar bayan ƙaramar salla. Da liman ya tambayi waliyyin amarya, Baffa Jibrin ya gyara zama ya ce, "Ni wakili ne, amma ga mai ɗiya nan. A tambaye shi."

Wakilin ango, wanda Shamsuddeen ya kwana uku yana koya wa, ya juya ya fuskanci Malam Abdulgani, ya buɗe tafukansa biyu yana roƙo. Kowa ya zuba wa tela ido. Ya dubi taron ɗaya bayan ɗaya, bai yi gaggawa ba. Sannan ya ɗora hannu a ƙirjinsa, ya ɗauke shi a hankali, ya sa a cikin tafukan mutumin.

"Ya bayar," in ji liman. "Mun gani, mun shaida. Allah ya sa albarka, ya ba su zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba."

Aka shafa fatiha. Malam Abdulgani bai ji amin ɗin ba, amma ya ga hannuwa sama da ɗari sun tashi saboda ɗiyarsa, shi ma ya ɗaga nasa.