Cinikin Tsohon Gawo

A wani zamani, wata mata ta rasa mijinta, ta kuma rasa gonarsa wajen rabon gado. Abin da ta samu shi ne filin bayan gida da tsohon itacen gawo a tsakiyarsa.

Ta ƙudura yin lambu. Maƙwabta suka ce, "Sare itacen nan, ki ja fangali a miƙe irin na fadama."

Da damina sai ga masassaƙi. Ya dubi gawon, ba ganye ko ɗaya, ya ce, "Inna, sayar mini. Akuya zan ba ki."

Ta ce, "Albarka."

"Akuya biyu."

"Albarka! Ka ga na yi kama da mai jin yunwa?"

Ba son itacen take yi ba, arahar ce ta ƙi. Kafin ya ƙaro, sai ta kewaye gawon da fangalinta zobe-zobe, ta shuka alayyafo da yakuwa.

Rani ya zo, rana ta ƙone lambunan maƙwabta. Gawo kuwa sai ya yi ganye shar, ya lulluɓe shukarta da inuwa. Ta ɗaga kai, tulu a hannu. Ta ce, "Ikon Allah! Kowa na tuɓewa, kai kana sa riga!"

Masassaƙi ya dawo ya ce, "Saniya, Inna."

Ta nuna sama. "Ka ga busasshen reshen can? Shi kaɗai. Ɗauki rabi, ka sassaƙa mini kujera da rabi, in riƙa zama a nan. Na sallama."