Gwajin Da Suka Kira Maƙaryaci

Da hantsin Litinin rahoton ya iso teburin Sufeto Zainulabideen. Ummusalma, wata tela a unguwar Ali Kazaure, ta rasu a wani ƙaramin asibiti bayan an yi mata allurar da jikinta ba ya ɗauka.

Nas ɗin da ta yi allurar sai kuka take yi. "Yallaɓai, in ka zaɓi maganin da zai cutar da majinyaci, akwatin gargaɗi ne ke fitowa ya rufe allon kwamfuta. Ranar bai fito ba."

Sufeto bai san kan manhaja ba, amma ya san fuskar mai ƙarya, kuma bai gan ta a nas ɗin ba. Ya nufi Titin Bauchi, ofishin da aka haɗa manhajar. Shugaban ofishin, Mahdi, ya tarbe shi da fara'ar da ta yi yawa.

"Ba kwa gwada abu kafin ku saki?"

"Kwamfuta ke gwadawa da kanta, Oga. Kore lafiya, ja matsala. Gwajin akwatin ne aka kashe." Ya nuna allo. "Ga sunan wadda ta kashe shi, ma'aikaciyata Fibi."

Aka kira Fibi. "Ranar da aka kashe shi ina Pankshin, muna binne babana." Ta miƙa wayarta. Saƙon Mahdi ne na ranar, yana neman lambar sirrinta ta shiga kwamfuta.

Sufeto ya sa ta maido da gwajin, ta kunna shi sau goma. Bakwai kore, uku ja.

"Me ya sami ukun?"

Fibi ta duba, ta dafe kai. "Duk lokacin da intanet ya yi rauni ne, akwatin ke makara. Asibitin nan kuwa kullum haka intanet ɗinsu yake."

Fara'ar Mahdi ta gudu. Ya zauna.

"Wata uku yana faɗuwa yau, ya wuce gobe. Har suna muka sa masa, Maƙaryaci. Mukan yi ta sake kunna shi sai ya yi kore. Ranar asibiti na jira, na gaji, na kashe shi."

"Ka taɓa tambayar me ke kayar da shi?"

"Wallahi ban taɓa ba."

Sufeto ya sa masa ankwa, ransa babu daɗi. Gwajin nan ya yi wata uku yana faɗin gaskiya, ba wanda ya saurara.

A bakin ƙofa Mahdi ya tsaya. "Oga, ta bar 'ya'ya?"

"Uku. Ƙaramar ba a yaye ta ba."