Aljanin da Rabin Hoto Ya Hana Sakat

Umma tana kwashe shanya, rana ta yi ja a bayan tankin ruwa, sai tsakuwa ta faɗo kan kwanon rufi. Ta ɗaga kai ta yi tsaki. Ta biyu ta faɗo, ta uku, sannan suka zubo kamar tipa na juye kaya, amma ko ɗaya ba ta gangaro ƙasa ba. Da suka tsaya sai gidan ya yi tsit, har firji ya daina gurnani. Daga ɗakin 'yarta Auta kaɗai wata 'yar ƙara take fitowa, tik, tik, tik.

Ta same ta durƙushe a ƙasa. Yarinyar da ko aikin makaranta sai an kai ruwa rana da ita, ga ta ta shimfiɗa fallen roba garau irin na shagon mahaifinta, tana ɗiga masa baƙin alƙalami ɗigo bayan ɗigo, idanunta a rufe.

Umma ta gane abin nan take. Marigayi mijinta mai ɗab'i ne, kuma yana da wata dabara: yakan raba hoto gida biyu a kwamfuta, ya buga kowane kaso a fallen roba daban. Ka ɗaga ɗaya ka duba har idonka ya yi ruwa, ba za ka ga komai ba sai ɗige-ɗige kamar an watsa yashi. Sai an ɗora ɗaya bisa ɗaya, kusurwa kan kusurwa, hoton yake fitowa. Dab da rasuwarsa ya ba ta falle ɗaya, ya ba babban ɗansu ɗaya, ya ce su duba tare. Ba su duba ba. Wata bai zagayo ba suka yi cacar baki kan sayar da injin shagon, ta gaya masa maganar da uwa ba ta gaya wa ɗa. Shi kuma ya sa almakashi ya yanyanka nasa, ya watsa a tsohuwar rijiyar bayan gida, ya ɗauki jakarsa. Ita ma ta rantse ba za ta fito da nata ba sai ya dawo ya durƙusa. Umma kuwa idan ta kafe, ko ita kanta ba ta iya lallashin kanta.

Kwana tara ana haka. Magariba na yi tsakuwa ta zubo, Auta ta durƙusa. Umma ta ƙwace fallen ta ƙona, gobe yarinya ta ɗauko sabo ta faro daga fari. Ta daina cin abinci, yatsunta suka kumbura, ƙashin wuyanta ya fito. Umma ba ta iya zama, daga ɗaki zuwa kicin, daga kicin zuwa ƙofa, tsoro na cin ta, amma ba ta gaya wa kowa ma'anar ɗige-ɗigen ba.

Ran na goma maƙwabciya ta kawo wani dattijon malami. Ya zauna bakin ƙofa ya fara karatu a hankali, haske na janyewa daga bango. Can hannun Auta ya tsaya. Bakinta ya buɗe, wata murya mai kauri, gajiyayya, ta fito.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wane ne kai? Me yarinyar nan ta yi maka?"

"Ba ta yi mini komai ba. A rijiya nake. Wanta ne ya watso mini guntayen roba, na tattara na jera. Malam, ina ganin abin da ke bayan bango, ina ganin cikin akwati a kulle. Wannan kuwa shekara guda ina kallonsa, babu komai! Ban huta ba, iyalina sun gaji da ni."

"Gaibu ai na Allah ne. Fita."

"A nuna mini in fita. Ɗaya rabin yana ƙasan akwatin matar can. Ta sani."

Malam ya waiwayo. Umma ta sunkuyar da kai don kunya. "Na yi rantsuwa, Malam."

"Rantsuwa tana da kaffara, Hajiya. 'Yarki fa?" Ya koma ga muryar. "Kai kuma ka rantse da wanda ya halicce ka, kana gani za ka tafi, ba dawowa."

Aljanin ya rantse. Aka bar hannun Auta ya ƙarasa layukan da suka rage. Umma ta ɗauko nata fallen, ta haɗa su a jikin gilashin taga inda sauran hasken yamma yake. Ba abin da ya fito sai baƙi a kan baƙi.

Tsakuwa ta ɓarke a kan rufi, jikin Auta ya sandare. "An cuce ni! To ba inda za ni, nan zan zauna!"

Umma ta tsura wa fallen ido. Shekara ashirin da shida tana auren mai ɗab'i, ba a banza ba. "Kai, dakata," ta ce, muryarta ta dawo irin ta faɗan cikin gida. "Da ya watso maka, kana ina?"

"A ƙasa, cikin ruwa."

"To ai ta baya ka gan shi, ta baya ka zana."

Ta kifa fallen Auta, ta daidaita kusurwa. Ɗige-ɗigen suka rufe juna, sai ga wata matashiya a kan kujera kusa da injin ɗab'i, barci ya kwashe ta baki a sake, jariri kwance a ƙirjinta ya damƙe wuyan rigarta. Ita ce da babban ɗanta. Ba ta taɓa sanin an ɗauki hoton ba.

Muryar ta ce, "Shi ke nan? Mace da jariri?" Aka ja dogon tsaki. "Mutane dai!" Auta ta yi atishawa ta sulale a jikin maƙwabciya, can ta buɗe ido ta ce, "Umma, yunwa nake ji."

Umma ta zuba mata abinci, ta zauna tana kallon ta har ta cinye. Sannan ta ɗauki waya ta nemo lambar babban ɗanta, wadda ta shekara ba ta taɓa ba. Ta yi ƙara sau huɗu.

"Umma?" Muryarsa a tsorace. "Lafiya? Wani abu ya faru?"

Duk maganar da ta shirya ta gudu. Ta share hawaye da bayan hannu.

"Lafiya lau," ta ce. "Ka ci abinci?"