Kallon da Ya Soke Jarabawa

A ɗakin jarabawar ƙungiyar ma'aikatan kwamfuta ta fara ganinsa, inda take aikin sa ido. Kowace kwamfuta da kyamara a goshinta, dokar wurin kuma ba sani ba sabo: duk wanda ya riƙa ɗauke ido daga allo, na'ura za ta shigar da shi cikin masu satar amsa.

Shi kuwa bawan Allah na kujera ta tara, mai jan wayar intanet a ofisoshi, idonsa ya ƙi zama. Ya amsa tambaya, ya ɗago ya kalle ta. Ta haɗe rai, ya sake ɗagowa.

Aka soke sakamakonsa, aka dakatar da shi shekara biyu. Kamfanin da ya yi masa alƙawarin aiki ya ce sai da shaidar ƙungiya.

Da ya zo ɗaukaka ƙara gaban kwamitin ladabtarwa, ita ya tarar a teburin karɓar takardu.

"Tsakani da Allah, me kake kallo ranar?"

"Ke, Malama. Amma ba zan faɗa musu ba, kada in ja miki."

Ta so ta ji haushi, abin ya ƙi. Daga nan saƙonni suka fara.

"Malamata, yau ma na faɗi jarabawa, na kasa yin minti ɗaya ban tuna ki ba."

"Na Tara, ka yi aikinka, kada ka faɗo daga tsani."

Sakataren kwamitin ladabtarwa, wanda ya daɗe yana nemanta tana zillewa, shi ya kai wa mahaifinta labari. Baba tsohon ɗan ƙungiya ne, bajon ƙungiyar yana maƙale a rigarsa ko ɗaurin aure za shi.

"Ɓarawon amsa za ki kawo mini gida? Sai dai bayan raina."

"Baba, wallahi bai saci komai ba."

"To, kwamiti ya faɗa da bakinsa."

Ta san abin da maganarta za ta jawo wa aikinta, amma ta je. Ta tsaya gaban dattawan kwamitin, kunya kamar ta nutse, ta ce ita yake kallo. Wani ya tuntsire da dariya. Sakatare kuwa ko murmushi bai yi ba.

"Wato kin gani ba ki sa a rahoto ba? Yanzu kuma soyayya kuke yi?"

A zama ɗaya suka wanke shi, suka cire ta daga ƙungiyar da ta yi wa bauta tun kafin ya san hanyar ofishinta. Ya ci jarabawa, ya samu aiki, Baba ya sauko har yana kiransa ɗana.

Aka ɗaura aure, aka sha addu'a. Baba ya dafa kanta ya ce, "Allah ya yi miki albarka, ya ba ku zaman lafiya." Ta ce amin.

Suna shiga ɗakinsu saƙo ya shigo wayarsa: "Ƙungiya na taya ɗanta murnar aure, shi da iyalinsa."

Ya karanta, idonsa ya kawo ruwa. Ya ɗauko shaidar daga cikin akwati.

"Malamata, gobe zan mayar musu da abarsu."

Ta riƙe hannunsa gam.

"Ka mayar? Ka san abin da na bayar aka ba ka ita? Nemo ƙusa, Na Tara. A falo za ka rataye ta."